Yadda tsohuwar firinta za ta yi aiki da sabuwar kwamfuta

Malam, ka ce kana da shagon buga takardu a wani ƙauye kusa da Ringim, kuma tsohuwar firintarka ta HP LaserJet ta ƙi aiki tun da ka sayi kwamfuta mai Windows 11. Ina roƙonka kada ka yi gaggawar sayar da ita, domin yawanci firintar lafiyarta ƙalau, direba ne, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane firinta, bai dace ba.

Fara da duba bayanta. Idan ramin wayar dogo ne mai faɗi, da 'yan ƙarafa biyu masu maƙale kan wayar, to sai ka nemi wayar da ke haɗa shi da USB a shagunan kayan kwamfuta a Kano.

Faifan da ya zo da firintar ajiye shi, domin Windows 11 ba ta karɓar direba sai na 64-bit, alhali na faifan galibi na tsohon tsari ne, wato 32-bit. Ka sauke sabo daga shafin HP da lambar samfurinta; idan babu, ka zaɓi ƙara firinta da hannu a saitin kwamfutar, ka nuna mata tashar USB001 (sunan da Windows ke ba mahaɗar USB ta firinta), sannan ka danna maɓallin Windows Update da ke wurin domin jerin tsofaffin firintoci ya cika, amma ka yi haƙuri, yana ɗaukar lokaci inda intanet ba ta da ƙarfi.

Haka kuma, irin wannan firinta tana jan wuta sosai lokacin da take ɗumama, don haka ƙaramar inbata ta sola tana iya kashe ta a tsakiyar bugu. Ka gwada ta da janareta tukuna.