KUN TAMBAYA MUN AMSA: Wai Me Ya Riƙa Cinye Jiragen Ruwa a Wancan Zamanin?

Jama'a assalamu alaikum. Wannan makon tambayoyin jirgin ruwa ne suka taru mana, sai muka haɗa su waje ɗaya. Masu tambayar tarihin sarautu ku yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni direban tanka ne, kullum in ana maganar jirgin da ya nutse Titanic kawai ake kira, wai bayan shi ba a sake yin wani babba ba ne? Kuma ya ake yi ƙaton jirgi da bai daki komai ba, bai huje ba, kawai ya kife? Daga wani direba, Suleja.

AMSA: Malam direba barka kadai, Allah ya tsare hanya. An yi kam, an yi da yawa ma, sai dai ba su samu masu yayata su ba. Bari mu fara da Japan. Ranar 26 ga Satumba 1954 wani jirgin fito mai suna Toya Maru ya kife a gaban garin Hakodate, mutum 1,155 suka rasu, cikin sama da 1,300 da ke ciki ɗari da hamsin da 'yan kai ne kawai suka tsira. Aikinsa shi ne fito tsakanin Aomori da Hakodate, wato tsakanin manyan tsibiran Honshu da Hokkaido, kuma ba mutane kawai yake ɗauka ba har da taragun jirgin ƙasa, an shimfiɗa masa layin dogo a cikinsa sai a turo taragu ta baya su shige kaman gareji. To wannan bayan nasa a buɗe yake. Babu ƙofa kwata-kwata. Riƙe wannan.

A ranar an san akwai guguwa tafe, har an ɗage tafiyar rana, fasinjoji suna zaune a ciki suna jira. Can wajen ƙarfe biyar na yamma sai iska ta lafa, sama ta washe har rana ta ɗan leƙo, kyaftin ɗin, Kondo, tsohon hannu ne da abokan aikinsa suka sani da iya karanta yanayi, ya ɗauka tsakiyar guguwar ce ta zo wucewa, abun da ya rage kaɗan ne. Ashe ba haka ba ne, guguwar tana can yamma ta rage gudu tana ƙara ƙarfi. Ƙarfe 6:39 ya bar tasha, ko minti talatin bai yi ba ya ga ba hali, ya saki anka a wajen tashar yana juya hancin jirgi yana fuskantar iska da injin. Nan ne bayan nan da ke buɗe ya yi aikinsa. Tsawon igiyar ruwan ya zo kusan daidai da tsawon jirgin, duk sanda hanci ya ɗaga sai baya ya nutsa ya ɗebo ruwa, kafin wannan ya fita wani ya shigo, ruwa ya kwanta a filin taragu ya fara zuba ta kafofin ƙasa zuwa ɗakin injin, da ma da kwal yake aiki, kwal ya jiƙe ya zama taɓo, wajen ƙarfe goma injina biyu duk suka mutu. Iska ta ja shi da ankarsa har ya taɓa yashi kusa da gaɓar Nanae, ya karkata, kafin sha ɗaya saura kwata ya kife gaba ɗaya. Bai kai kilomita ɗaya daga tudu ba fa. A wannan daren wasu jiragen fito na kaya guda huɗu suma suka nutse a wurin, jimillar mamata ta kai 1,430.

Yanzu tambayarka ta biyu, kai ma ka fi ni sanin amsarta. In tankarka a cike take fal man ba ya motsi, amma ɗauko rabin lodi ka shiga kwana ka ji yanda yake tafiya gefe guda yana jan motar. Haka ruwa yake yi a cikin jirgi, kuma jirgin fito na motoci ko taragu filinsa faɗi ne fetal daga wannan bango zuwa wancan babu shamaki, ruwan da bai wuce gwiwa ba in ya gangara gefe ɗaya tan ɗari nawa ne, jirgi ya ɗan karkata sai ruwan ya ƙara bin gangare, ya ƙara karkata, kaya su tsinke su bi, shi kenan.

Kuma abun haushi an riga an ga irin wannan a Birtaniya sama da shekara ɗaya da rabi kafin nan. 31 ga Janairu 1953 jirgin fiton motoci Princess Victoria ya tashi daga Stranraer a Sikotland zai tsallaka Larne a Arewacin Ayaland, shi yana da ƙofar baya amma gajeruwa ce, igiyar ruwa ta lanƙwasa ta, ma'aikata suka yi ta fama ta ƙi rufuwa, magudanan da ya kamata su fitar da ruwa kuma ƙanana ne. Tun wajen goma saura na safe yake neman agaji bai nutse ba sai wajen biyu na rana, masu ceto suna nemansa a gefen Sikotland alhali ya riga ya kusa Ayaland. Mai aika saƙon jirgin, David Broadfoot, yana zaune a kan na'urarsa yana ƙwanƙwasa saƙo har jirgin ya kwanta a gefensa, da shi ya tafi, daga baya aka ba shi lambar yabo ta George Cross. Sama da mutum 130 suka rasu, 44 suka tsira kuma duk maza, mace ko yaro ko ɗaya bai fita ba dan kwale-kwalen da aka saka su ne igiya ta maka da jikin jirgin. Kotun bincike ta ɗora laifin a kan masu jirgin saboda ƙofar da magudanan. Sannan a Disambar 1966 a Girka, a jirgin fito mai suna Heraklion, wata motar sanyi ce mai ɗauke da lemo da ba a ɗaure ta da kyau ba ta yi ta dukan ƙofar gefe har ta ɓalle, jirgin ya nutse, sama da mutum 200 suka rasu.

Su Japanawa dai sun ji a jikinsu. Suka saka wa jiragen ƙofar baya mai hana ruwa, suka koma dizal, sannan suka haƙa hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin tekun, Seikan, kusan kilomita 54, aka buɗe a 1988 aka daina wancan fiton taragun.

TAMBAYA: Malam dan Allah da gaske ne akwai aljanu a tekun Bamuda da ke haɗiye jirage? Na ga wani bidiyo a TikTok an ce wani jirgi Marine Sulphur Queen ya ɓace ko allura ba a gani ba. Daga wata ɗaliba, Katsina.

AMSA: Ƙanwata, mu musulmi ba ma musun akwai aljanu, amma ba duk abun da aka jingina musu ne suka aikata ba, wani lokacin rufa wa mai kamfani asiri ake yi da su. Jirgin ya ɓace da gaske, Fabrairun 1963, da ma'aikata 39, ya taso daga Beaumont a jihar Texas za shi Norfolk. Amma batun ko allura ba a gani ba ƙari ne, an tsinci rigunan ceto da tayoyin ceto masu sunansa a wajen Florida, kuma saƙonsa na ƙarshe daga tekun Meziko ya fito, bai ma shiga yankin da ake ta magana ba a lokacin. Sannan dubi abun da ya ɗauko: narkakkiyar farar wuta kimanin tan 15,000 da ake ta dumama ta kar ta daskare. Jirgin kuma tsohuwar tankar mai ce ta lokacin yaƙi, ƙirar 1944, aka yanke mata shamakan ciki aka zura dogon tanki guda, farar wuta na yoyo, ƙananan gobara sun zama ruwan dare a cikinsa. Masu binciken Amurka sun lissafa fashewa, ko kifewa, ko karyewa biyu, ba su tsayar da ɗaya ba tunda ba a ga gangar jikin ba.

Karyewa biyu kuwa ba sabon abu ba ne ga irin wannan ƙirar da ake kira T2. A lokacin yaƙi sauri ake yi, aka bar ɗinke faranti da ƙusa aka koma walda, ƙarfen kuma in ya sha sanyi sai ya yi gautsi, tsaga in ta fara ba inda za ta tsaya dan duk jikin ya zama abu ɗaya. Wata masaniyar ƙarafa a jami'ar Kambirij, Constance Tipper, ita ta nuna cewa matsalar daga ƙarfen kansa ne. A Janairun 1943 sabuwar tanka Schenectady tana ɗaure a tasha a Portland, ruwa kwance, ta dare biyu. A 18 ga Fabrairu 1952 kuma guda biyu, Pendleton da Fort Mercer, suka karye rana ɗaya cikin guguwa ɗaya a wajen Cape Cod. Mai bidiyon ya gaya miki wannan?

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, wani yaron shagona ya ce wai hatsi ya taɓa kifar da jirgi. Na ce masa ƙarya ne, hatsi ai albarka ne. Ka raba mana gardama. Daga wani ɗan kasuwar Dawanau, Kano.

AMSA: Alhaji a yi haƙuri, yaro ya ci gardama. Jirgin Jamus ne mai suna Pamir, irin na da mai tafiya da filafilai, ƙirar 1905, ana dakon kaya da shi ana kuma koyar da samari aikin teku. Ya ɗauko sha'ir tan 3,780 daga Buenos Aires a Ajantina za shi Hamburg, mafi yawansa zube shi aka yi tsura ba a buhu ba, 'yan buhuna kaɗan aka jera a sama, har tankin da ya kamata a cika da ruwa dan ya danne jirgin shi ma sha'ir aka zuba masa. Hatsi tsura in ya sha girgiza yana zama ya bar fili a sama, jirgi na karkata sai ya zube gefe, kuma shi ba ya dawowa. 21 ga Satumba 1957 guguwa ta same su a tsakiyar Atilantika, jirgin ya kwanta a hagu bai sake tashi ba. Mutum 86 ne a ciki, 52 samari ne 'yan koyo, shida kacal suka rayu bayan kwanaki a fasassun kwale-kwale. Ɗaya daga kwale-kwalen yana nan ajiye a wata majami'a a garin Lübeck. A saya wa yaro lemo.

TAMBAYA: Wai doka ce kyaftin ya mutu tare da jirginsa? Daga wata malamar makaranta, Maraɗi.

AMSA: A'a Malama, babu dokar da ta ce ya mutu. Abun da ke kansa shi ne ya tabbatar an fitar da mutane kafin ya nemi kansa. Na Toya Maru da na Princess Victoria duk sun tafi da jiragensu, amma ga Kurt Carlsen na jirgin kaya Flying Enterprise, ɗan asalin Denmak. Ƙarshen Disambar 1951 guguwa ta tsaga masa jirgi a hanyar Hamburg zuwa New York, kaya suka zame, jirgi ya kwanta a gefe, ya sa fasinjoji da ma'aikata suka yi tsalle cikin ruwa jiragen da suka kawo ɗauki suka tsince su, mutum ɗaya ne ya rasu. Shi kuwa ya ce ba inda za shi. Kusan mako biyu yana cikin jirgin da bango ya koma daɓe, cikin sanyi da jiƙa, ana jefo masa abinci da igiya. Da jirgin ja mai suna Turmoil ya iso aka kasa ɗaura igiya dan mutum ɗaya ba zai iya ba, sai mataimakin kyaftin ɗin Turmoil, Kenneth Dancy, ya daka tsalle ya faɗa jirgin, suka zama su biyu. An ja shi kwanaki har an kusa Falmouth a Ingila igiya ta tsinke, ranar 10 ga Janairu 1952 suka taka kan bututun hayaƙi, da yake ya riga ya kwanta, suka faɗa ruwa aka tsamo su, jirgi ya nutse a gabansu. New York ta yi masa gagarumar tarba. Ni a ganina jarumta ce amma da lissafi a ciki, dan a dokar teku jirgin da aka gudu aka bari duk wanda ya ceto shi kason da zai nema ya fi tsoka, zamansa yana kare dukiyar kamfani ne. Kuma sai da ya sallami rayukan mutane tukuna ya tsaya gadin kaya, nan ne na fi yaba masa.

TAMBAYA: Duk na Turawa ne da Japan, babu wanda ya shafe mu? Daga wani mai karatu, Kumasi.

AMSA: Akwai ɗan uwa, sai dai namu yaƙi ne ya ci su. Kamfanin Elder Dempster shi ke jigilar fasinja da wasiƙu da kaya tsakanin Liverpool da Firitawun da Takoradi da Legas, tashar da gyaɗar Kano ke sauka daga jirgin ƙasa ta hau teku, kuma 'yan Afirka ta Yamma da yawa suna aiki a jiragensa. A yaƙin duniya na biyu ya rasa manyan jiragen fasinjansa uku: Accra a Yulin 1940, jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya harbe shi yana hanyar zuwa wajenmu, Apapa a Nuwamban shekarar jirgin sama ya yi masa ruwan bam a yammacin Ayaland, sai Abosso a 29 ga Oktoba 1942 wanda ya fi muni, ya taso daga Cape Town shi kaɗai babu rakiya, mutum 362 suka rasu 31 suka tsira. Bayan yaƙi aka ƙera sabbin Accra da Apapa, sannan Aureol a 1951, shi ne wanda ɗalibai da ma'aikata da dama suka hau zuwa Ingila har 1974 da jirgin sama ya ƙwace kasuwar.

Masu aiko da tambaya a riƙa rubuta gari dan Allah, guda uku muka ajiye wannan makon saboda haka.