Sanyi da tsabtar samfuri a awon tasirin Hall na kwantam

Wa alaikumus salam. Malam, ka tambaya me ya sa sai an sanyaya samfuri sosai kafin a ga tasirin Hall na kwantam (wato yadda turjiyar lantarki da ake awo a faɗin samfuri cikin maganaɗisu ke tsayawa cik a kan wasu ƙayyadaddun lambobi), kuma ko tsabtarsa ce komai. Na yi irin wannan awo lokacin digirina na uku, ga abin da na gani.

A samfurin, ilektiron a tsare suke cikin wani siririn fili tsakanin sinadarai biyu da aka shimfiɗa ɗaya kan ɗaya, galiyam asanaid da aluminiyam galiyam asanaid, ba hawa ba sauka. Maganaɗisu mai ƙarfi na sa su kewaye, kuzarinsu ya rabu hawa-hawa, wato matakan Landau. Ɗumi kaɗan ya isa ya sa su tsallake daga mataki zuwa mataki, komai ya dagule. Dalilin sanyin ke nan.

Maganar tsabta kuwa, nan ɗalibai ke ruɗewa. Klaus von Klitzing ya gano abin a 1980 a Grenoble ta Faransa, da samfurin silikon, inda turjiyar Hall, wato waccan ta faɗin samfuri, ta tsaya cik a kan om (ma'aunin turjiya) 25,812.807 raba da cikakkiyar lamba. Abin mamaki, dattin da ke cikin samfurin ne ke riƙe wasu ilektiron wuri guda, shi ya sa turjiyar ke tsayawa shimfiɗe ko an ɗan ƙara ƙarfin maganaɗisu. Ba datti, ba wannan shimfiɗa mai faɗi.

Amma datti ya yi yawa, ka rasa mafi daɗin. A 1982 Tsui da Störmer, da samfurin da Gossard ya haɗa a Bell Labs, suka ga shimfiɗa a inda lambar rabawar ta zama sulusi maimakon cikakkiyar lamba. Laughlin ya bayyana shi a 1983: ilektiron sun haɗu sun zama ruwa guda, motsin cikinsa na ɗauke da sulusin cajin ilektiron. Su ukun, ban da Gossard, suka karɓi Nobel a 1998. Shimfiɗar 5/2 da aka gani a 1987 ma sai samfuri mai tsabta ƙwarai.

Shawarata, ka sanyaya a hankali, kada ka yi gaggawa. Mukan haska samfuri da jar fitila ƙarama yana cikin sanyi, shimfiɗun su ƙara fitowa. Kuma ka rage wutar awo, don ita kanta tana ɗumama ilektiron alhali ma'aunin zafinka na nuna lafiya lau.