Yarana Ba Sa Jin Hausa, Ya Zan Yi?

Tambaya: Salamu alaikum Anti. Ni a Aboabo nake cikin Kumasi, yarana uku duk Tuwi da Turanci suke yi, in kakarsu ta musu magana sai su tsaya suna kallonta, ranar nan har kuka ta yi wallahi. Dan Allah ya zan yi?
Maman yara, Kumasi

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Gaskiya laifin ba na yaran ba ne, abin da suka ji a gida shi za su kama, ku iyaye in kun shigo ɗaki da wane yare kuke hira? Daga nan za ki fara. Ki bar su da Tuwinsu, Kumasi suke, zai musu amfani.

Sannan ki dinga zaunar da su gaban kaka bayan magariba ta musu gatanan gatanan ku, ta basu labarin fataken goro da suka taso daga Kano da Katsina zuwa Salaga har aka kafa zango. Ko wakye da tuwon zafi da kowa ke ci a Gana sunan daga Hausa ya fito, ki faɗa musu kina zuba musu a kwano. In sun kwaɓa Hausar kar a yi musu dariya, shi ke sa yaro ya rufe baki.