Kar ka sayar da filinka don sayen bas, fara sanin nawa ne a jakar liki

Wani matashi daga Kano ya turo min sako mai tsawo, na dan takaita shi. Yace: "Malam barka da kokari. Ni mawaki ne, bana karkashin kowane kamfani, shekara hudu kenan ina yawon wasa, biki, gala, wasan sallah, har Maradi da Damagaram muna zuwa. Mu tara ne a tafiya. Alhamdulillah ana kiranmu, akwai watan da muke wasa shida ko bakwai, amma wata yana karewa sai in ga babu komai a hannuna, har kudin situdiyo sai na ranta. Dan kawuna ne manajana, tare muka taso, shi yake karbar kudin wasa da liki kuma shi yake hidimar hanya, kullum yana cewa shatar mota ce take cinye mu. Yanzu wani zai bani bas a kan miliyan tara, in bada uku sauran in rika biya duk wata. In sayar da filina in shiga? Ina ji a jikina waka daya ta rage ta fashe in huce."

Kanena, kar ka taba filin nan. Na fara da wannan ne saboda kar ka gaji da karatu ka tsaya a rabi ka tafi wajen dillali.

Da na karanta sakonka tambaya daya na mayar maka, nace wasanku na karshe nawa aka lika maka? Amsar da ka bani itace "bari in tambayi manaja". To wallahi a nan matsalarka take gaba daya. Ka san kudin bas har da yadda za'a biya, ka san yawan mutanenka, ka san garuruwan da kuka je, amma shekara hudu kana sana'a baka san abinda wasa daya yake bari a hannunka ba. Mai sayar da tumatir a 'Yankaba ya san nawa ya sari kwando ya san nawa ya sayar, kai kuma da kake juya dubban daruruwa a dare daya sai an fada maka.

Ka tuna yadda abin yake faruwa. Kana kan dandamali, makirifo a hannu, idonka yana kan uwar amarya da kawayenta, gumi yana shiga ido, yara biyu suna durkushe suna tsince kudi suna dura wa a jakar bakko. An tashi karfe daya na dare kowa ya gaji, jaka ta shiga mota. A hanya an tsaya an sayi tsire da lemo, an zaro daga jaka. An sha mai, daga jaka. An zo shingen jami'an tsaro an bada na goro, daga jaka. Wani dan amshi yace mahaifiyarsa ba lafiya an zaro an bashi. Gari yana wayewa babu mahalukin da zai iya rantsuwa yace ga adadin da aka lika, har shi dan kawun naka. Ni ban ce yana cutarka ba, ban san shi ba kuma bazan dauki alhakinsa ba, amma ko waliyyi ka ba jakar da ba'a kirga ba ka kuma ce ya rika kashewa daga ciki, ka jefa shi a fitina ka kuma jefa kanka a zargi. Hannun da yake karba shi yake kashewa, shi kuma yake bada labarin yadda aka kashe, kai naka kawai ace maka "babu" kace to Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Na taba zama da wani mawakin biki wanda kaninsa uwa daya uba daya ya rike masa kudi kusan shekara shida. Ranar da suka samu sabani sai mawakin ya waiga ya ga kanin ya gina daki biyu a gefen gari yana kuma da adaidaita sahu a kan titi, shi kuwa gidan haya yake, sai tarin manyan riguna da takalma. Aka yi zaman 'yan uwa, mahaifiyarsu tana zaune a kan tabarma tana kuka, wannan yace an ci amanarsa, wancan ya dauko Alkur'ani zai rantse cewa daga kasonsa ya rika zuba adashe. Aka kira ni in duba lissafi, nace ina littafi, babu. Ina takardar banki, kudin duk a asusun kanin suke shiga tare da nasa na kansa. Na kwana biyu ina kokarin hada abin daga sakonnin waya na kasa, kuma har yau zuciyata bata bani cewa kanin barawo bane, yana yiwuwa shi mai tattali ne kawai yayan kuma mai sakin hannu. Amma babu shaidar da zata wanke shi, babu wadda zata kama shi, suna nan har yanzu basa gaisawa sai a wajen jana'iza. Wannan abin yana min ciwo duk lokacin da na tuna, saboda littafin dari biyar da biro ya isa ya hana shi. Ayar da tafi kowace tsawo a Alkur'ani, ta 282 a Suratul Bakara, umarni ce da a rubuta bashi, kuma tsakanin musulmi 'yan uwan juna aka ce a rubuta. Don haka kar kowa yace maka rubutu rashin yarda ne.

Maganar cewa shata tana cinye ku, a nan dan kawunka bai yi karya ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 litar da take kasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa karshen 2024 ta taba dubu, duk mai sana'ar da ta dogara da titi ya ji a jikinsa. Bari mu yi kiyasi sama sama. A ce an kira ku Bauchi a kan 500,000. Shatar bas kwana biyu ka sa 200,000, masauki na mutum tara ko an cunkusu daki uku ko hudu 60,000, abinci 50,000, sallamar 'yan amshi da mai kida da mai kyamara 120,000, idan masu biki basu tanadi kayan sauti da janareto ba wani 50,000 ne, ga 'yan kananan abubuwan hanya. Ka ga dubu dari biyar din ta tafi kafin ka sa ko kwabo a aljihu. Ma'ana ribarka gaba daya tana cikin likin nan, wato daidai kudin da ba wanda yake kirgawa. Shi yasa nake ta nanata maganar jaka. Kuma ina so ka tambayi kanka, tun da mai ya tashi sau nawa ka kara kudin wasanka? Da yawanku kuna karbar farashin da ne saboda tsoron kar a kira wani, kuna zuwa a kan fatan za'a yi liki, idan aka yi rashin sa'a taron bai cika ba ku dawo da bashin direba.

Ita kuma bas din ai ba ruwa take sha ba. Man da mai shata yake saya kai ma zaka saya, zaka dauki direba, ga taya, ga juye, ga takardu, ga bakanike. Cikon miliyan shida idan kana biyan 300,000 duk wata, wata ashirin kenan ba fashi. Sana'arka kuwa tana da fashi. Kafin azumi bukukuwa suna cunkushewa, azumi na kamawa wata guda cur babu wasa, bayan sallah a yi ta gudu, damina ta zo abu ya ja baya. Mai mota bazai ce ai azumi ake ba. Na san wani mai kida da ya yi irin wannan cinikin, watan da babu wasa sai ya ba wani direba motar ya rika lodi a tasha don a samu na biya, wata na biyu injin ya buga a hanya, gyara ya cinye abinda aka tara, ya yi fashin biya sau uku mai mota ya aiko aka dauke ta, kudin da ya fara bayarwa kuma aka ce na hayar watannin da ya yi da ita ne. Gonar gado ya sayar ya shiga wannan cinikin. Kai kuma da rabin kasuwarka take Nijar, ka manta an rufe boda daga Agustan 2019 har Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 sai Maris 2024 Najeriya ta bude nata bangaren? Ka kwatanta kana da bashin mota a wuya a irin wannan lokacin. Ban ce har abada kar ka mallaki mota ba, yana yiwuwa wata rana lissafi ya nuna cewa sayen ya fi shata, amma littafi ne kadai zai nuna haka, kai kuma baka da shi.

Tunda na ambaci Nijar, likin sefa shi yafi saurin bacewa. An lika maka takardun sefa, an canza wani a Jibiya ko Kongolam, an kawo wani kasuwar canji ta Wapa a Kano, kowane da farashinsa, a karshe ace maka ga abinda ya kama. Sefa a kirga ta tana sefa a rubuta, ranar canji a rubuta farashin da aka canza.

Abinda zaka yi daga wasa na gaba ba mai wahala bane, kunya ce kawai zata hana ka. Ana tashi daga wasa jaka ta wuce daki, kai da manaja da mutum na uku ku zazzage ta a kan gado ku kirga ko da karfe biyun dare ne, a rubuta, kowa ya sa hannu, ka dauki hoton shafin a wayarka. Ba'a zaro ko naira daya daga ciki. Da safe a kai wajen mai POS a tura asusun da ka bude don wannan sana'ar kadai, da sunanka, alat yana shigowa wayarka. Duk mai son kiranku can zai tura kafin alkalami, kuma kar mota ta bar Kano sai an tura akalla rabi ko abinda zai dauki nauyin zuwa da dawowa, ciko kuma kafin ka rike makirifo, saboda bayan an watse biki neman uban ango aiki ne. Kudin hanya kai zaka kirga ka ba manaja a hannu, idan an dawo ya kawo maka lissafi da canji. Shi kuma ka yanka masa kamasho sananne, kashi goma ko sha biyar cikin dari na abinda ya rage bayan an cire hidima, ya san nasa ka san naka. Yanzu haka ina kyautata zaton ko albashi bashi da shi, abinda ya ga ya dace yake dauka, wannan ma zalunci ne a gare shi in har mai gaskiya ne.

Yadda zaka fada masa yana da muhimmanci. Kar ka tara jama'a, kar ka fara kai kara wajen kawu. Ku zauna ku biyu kace masa ni ne nayi sakaci na bar maka kaya kai kadai, daga yau ga yadda zamu yi. Idan ya karba da hannu biyu ka samu manaja na gaske ka rike shi da kyau. Idan ya tashi yana huci yana cewa ashe baka yarda da ni ba, ya kuma ki yarda a kirga a gabanka, to ka ga abinda ya kamata ka gani, sai ka nema masa wani aikin a tafiyar wanda babu kudi a ciki, zumunci ya ci gaba.

Maganar waka daya ta fashe kuwa na gaji da jinta. Duk situdiyon da ka leka a Zoo Road akwai mutum goma masu jin haka a jikinsu. Waka tana iya zagaye TikTok, masu tura wakoki a waya su cika memori da ita suna karbar kudinsu, kai ko sisi bai shigo maka ba sai dai karin kiran biki, kiran bikin nan kuma kudinsa jakar nan zai sake shiga. Haka lokacin siyasa, 2027 na tafe za'a fara kiranku gangami ana alkawarin mota da kujerar Makka, ka karbi kudinka kafin ka hau.

Ka bani wata uku. Duk wasan da kuka yi shafi daya: gari, kudin da aka yi ciniki, abinda aka lika, abinda aka kashe daya bayan daya, abinda ya rage. Idan kun yi wasa goma sha biyu ka turo min hotunan shafukan mu duba tare, a nan zamu ga garin da yake biyanku da wanda kuke zuwa a banza, mu ga ko mutum tara sun yi yawa a tafiyar, mu ga nawa shata take ci a zahiri. Mai bas kace masa ya saurare ka, takardar fili kuma ka kai wa mahaifiyarka ta ajiye maka.