Ƙwayoyin hanji da shanyewar ɓarin jiki: likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita wai da gaske akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani a cikin mutum?

Ƙwarai kuwa, tiriliyoyi ne ma, yawancinsu a babban hanji. Su ke sarrafa abin da ciki ya kasa narkarwa na ganye da wake, har bitamin K suna samarwa.

Tambaya: Na sha antibayotik sai gudawa ta biyo baya, lafiya kuwa?

Hajiya maganin ba ya tantance na kirki da mugu, duka yake kashewa. Ki yawaita shan ruwa, in kin ga jini ko zazzaɓi ko ta wuce kwana 2 ki tafi asibiti.

Tambaya: Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, an ce dattin ciki ne, wai mu dinga masa wankin ciki mu ajiye maganin hawan jini. Ya ka gani?

Allah ya ba Baba lafiya. Amma Malam don girman Allah kar ku fara, wallahi wannan shawarar tana ɓata min rai, mutum yana kwance ba ya iya haɗiyar ruwa da kyau a ce za a ɗura masa abin da zai sa shi zawo, ruwan jikinsa ya ƙare ƙoda ta wahala, su ma ƙwayoyin masu amfani a kore su.

Alaƙa da hanji kam akwai ta. In mutum ya ci jan nama wasu ƙwayoyin hanji na fitar da wani sinadari da hanta ke mayarwa wani sinadarin da ake kira TMAO, tun 2011 masu bincike a asibitin Cleveland Clinic na Amurka suka danganta yawan TMAO a jini da toshewar jijiyoyin jini, daga baya aka ga yana ƙara wa jini saurin daskarewa. To amma wannan ba datti ba ne da za a wanke, abinci ne ke sauya shi a hankali, a rage jan nama a ƙara ganye da 'ya'yan itatuwa. Kuma babban mai jawo ciwon nan har gobe hawan jini ne, sai suga da taba. Ranar da kuka ajiye maganin kun buɗe wa shanyewa ta biyu ƙofa.

In bakinsa ya sake karkacewa, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, kar a tsaya jiƙe-jiƙe, asibiti nan take, allurar narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi ake yin ta. Ku mayar da shi wajen likitansa a satin nan.

Tambaya: Yogot na gyara hanji?

Yana taimakawa in ba a cika masa suga ba, amma ba magani ba ne, in ciki ya matsa a ga likita.