Kwana nawa ƙarambau ke yi a jikin yaro?

'Yar uwa, Allah ya ba ɗiyarki lafiya. Kin ce shekararta 4, yau kwana 3 da ƙarambau ya feso mata a nan Gusau, kina tambayar yaushe zai kwanta, kuma ko a yi mata wanka.

Ƙurajen ba sa fitowa lokaci ɗaya. Za ki ga jan ɗigo, ya tashi ya ɗuri ruwa kamar raɓa, ya fashe, ya yi ɓawo, sababbi kuma suna ci gaba da fitowa har kwana 3 zuwa 5. Don haka kada hankalinki ya tashi idan kin ga wasu gobe a kai ko cikin baki. Galibi cikin kwana 5 zuwa 7 duka sun bushe, ɓawon ya zube cikin mako 1 zuwa 2. Sai sun bushe gaba ɗaya za ta koma boko ko Islamiyya. Yayyenta da ƙannenta kuma ki sa musu ido daga kwana 10 zuwa 21, lokacin da yake ɗauka ke nan kafin ya bayyana.

Wanka kam a yi. Hana shi da ake yi a gidajenmu, da wannan zafi, shi ke tara gumi da datti har ƙurji ya yi mugunya. Ruwa mai ɗan ɗumi, ba soso, a dangwala tawul a jiki ba a goga ba, sannan a shafa kalamin, maganin shafawa mai rage ƙaiƙayi. Ki yanke mata farce ƙwarai, don susa ce ke barin tabo. Rigar auduga marar nauyi. Idan bakinta ya yi ƙuraje, a ba ta koko, kunu da kankana, ban da yaji da tsami.

Zazzaɓi, farasitamol kawai: 10 zuwa 15mg a kowane kilo na nauyinta. Mai kilo 15 za ta sha 7.5ml na farasitamol na ruwa mai 120mg a 5ml, bayan kowace awa 6, kada ya wuce sau 4 a yini. Don Allah kada a ba ta asfirin, yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwar yaro mai ƙarambau. Ibuprofen ma a bar shi, yana ƙara haɗarin ruɓewar fata. Ampiclox da ake sayowa a kemis ba ya kashe wannan ƙwayar cuta.

Ki kai ta asibiti ba jira idan zazzaɓi ya wuce kwana 4, ko gefen ƙurji ya yi ja ya kumbura da zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko wuyanta ya sandare, ko farfaɗiya, ko barcin da ba a iya tashinta. Mai ciki da ba ta taɓa yin sa ba da jariri sabon haihuwa, a raba su da ɗakinta, kuma mai cikin ta ga likita yau ko da ba ta jin komai.