Macijin ɗana ya kama masa yatsa: mugunta ce ko yunwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Muna zaune a Houston, jihar Texas. Ɗana mai shekara 14 ya tara kuɗinsa ya sayo ɗan maciji mai zobe-zoben baƙi da fari, wai sarkin macizai na Kalifoniya. Babansa ya yarje masa, ni kam ba da son raina ba. Cikin wata biyu, sau biyu yana kama masa yatsa ya ƙi saki, makon jiya kuma ya amayar da ɓeran da ya ci. Ga ɓerayen nan yana ajiye mini su a firiza kusa da naman miya, ga autata 'yar shekara 3. In sa a fitar da shi ne? Daga wata uwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Tsoronki yana da tushe. Mu da muka tashi inda kububuwa da gamsheƙa ke kai mutane kabari, da wuya mu ga maciji a ɗakin ɗanmu hankalinmu ya kwanta. Amma wannan da Amurkawa ke kira kingsnake ba shi da dafi ko kaɗan. Nannaɗe abincinsa yake yi ya matse, kamar mesa, sai dai girmansa bai cika wuce ƙafa 3 zuwa 4 ba. Sarautar kuwa ya same ta ne saboda yana cin wasu macizai, har da masu dafin nan masu kacau-kacau a wutsiya, waɗanda dafinsu bai cika yi masa illa ba.

Batun cizon shi na fi so mu tsaya a kai, domin a nan mutane ke yi wa dabbar nan mummunar fahimta. Cizonsa iri biyu ne. Akwai na tsoro: ya kai sara da sauri ya janye, yana karkaɗa wutsiya, wani lokaci ya saki wani ruwa mai wari a hannun wanda ya riƙe shi. Ƙananansu sun fi yin haka, kuma suna dainawa idan ana ɗaukarsu a hankali, minti biyar zuwa goma, sau biyu ko uku a mako. Na biyun shi kika kwatanta: ya shinshina yatsa, ya kama, ya ƙi saki, har ya fara nannaɗe hannun. Wannan kuskuren abinci ne. Macijin nan makwaɗaici ne ƙwarai, kuma da harshensa yake ɗanɗanar ƙamshin abin da ke gabansa. Ina kyautata zaton yaronki ya taɓa ɓera, ko ledarsa, sannan ya zura hannu cikin akwatin bai wanke ba. Ya riƙa wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa shi, ya miƙa masa abinci da dogon hantsaki, kada da yatsu. Idan ya sake kamawa, kada ya fizge, domin haƙoransa ƙanana ne masu lanƙwasa zuwa ciki, fizgewa ke yaga fata. Ya zuba masa ruwan sanyi a kai, zai saki. Sai a wanke wurin a shafa magani.

Aman kuma ya fi damuna fiye da cizon. Abu uku ke jawo shi galibi: an ɗauke shi da wuri bayan ya ci, ɓeran ya yi masa girma, ko akwatin ya yi sanyi. Maciji ba ya haɗa zafin jikinsa da kansa, da ɗumin wurin yake narkar da abinci. Gefe ɗaya na akwatin ya kai digiri 29 zuwa 31 a ma'aunin Salsiyos, wato wajen 85 zuwa 88 a ma'aunin da kuke amfani da shi a can, ɗaya gefen ya tsaya wajen 24 a ma'aunin Salsiyos, kuma a haɗa abin ɗumamawar da na'urar da ke ƙayyade zafi. A gidajen Houston da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki dare da rana, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tunda ya yi amai, a bar cikinsa ya huta kwana 10 zuwa 14, sannan a ba shi ɓera ƙarami. Kaurin ɓeran kada ya wuce mafi kaurin jikin macijin, kuma bayan ya ci a ƙyale shi kwana 2 cur. Ƙaramin maciji yana ci duk kwana 5 zuwa 7, babba duk kwana 10 zuwa 14. Idan idanunsa suka yi fari-fari kamar hazo, saɓa zai yi, yana iya ƙin abinci, ba ciwo ba ne. In ya sake amai, a kai shi wurin likitan dabbobi da ya san masu jan ciki.

Yaron ya yi daidai da yake ba shi mataccen ɓera, domin mai rai yana iya cizon macijin ya ji masa rauni. Amma kina da gaskiya kan firiza. A sa ɓerayen cikin roba mai murfi, nesa da abincin gida, in da hali a sayi ƙaramar firiza daban. A narkar da su cikin leda a ruwan ɗumi, a kwanon da ba ya shiga kicin ɗinki.

Autarki ce inda ba zan sassauta ba. Macizai, ko masu lafiya, suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonella mai sa gudawa da zazzaɓi, shi ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce yara 'yan ƙasa da shekara 5 kada su taɓa irin waɗannan dabbobi. Akwatin ya zauna a ɗakin yayanta, ƙofa a rufe, murfin kuma mai makulli, domin macijin nan gwanin sulalewa ne ta 'yar kafa. Kada kuma a haɗa shi da wani maciji, ko ɗan'uwansa ne zai iya haɗiye shi.

Ban ga dalilin fitar da shi yanzu ba, matuƙar an kiyaye waɗannan. Sai dai ki zaunar da yaron da babansa ki tambaye su abu ɗaya: macijin nan yana iya kai shekara 20 a hannun mutum, nan da shekara 4 kuma yaron zai tafi jami'a. Wa zai riƙa ciyar da shi? Idan ba a sami amsa ba, a nemo masa wanda zai karɓa tun yana ƙarami, kada dai a sake shi a daji.